Mita ɗari a Mina

A ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ofishin taswira. Da yake waɗanda za su ci gaba da aikin yawancinsu ƙannena ne, yaranmu na Jarwal da Misfala da Shari'a Mansur, na ga gara in tattara abin da na sani a wuri ɗaya, kada ya tsaya a hirar shayi. Ba zan koya wa kowa yadda ake buɗe manhaja ko inda maɓallin shigar da fayil yake ba, duk wanda ya yi mausim ɗaya, wato lokacin aikin Hajji ɗaya, a sharikar hidimar alhazai ya wuce nan. Maganata a kan abin da ke samun fayil ne tun daga hannun wanda ya aiko shi har ya bayyana a wayar direban bas, don a wannan tsakanin ne ake wahalar da baƙin Allah, a nan ne kuma ake ɗora wa ƙananan ma'aikata laifin da ba nasu ba.

Kowa a ofis ya san zancen taswirar Mina da ta kai motocinmu ƙofar wasu mutane a daren shiga 8 ga Zulhajji. Waɗanda suka san dalilin abin ba su da yawa, kuma bayanin da aka rubuta a rahoto ba shi ne gaskiya ba. Ga yadda lamarin yake.

Zanen mukayyam, wato sansanin tantunan alhazai, ya zo daga ɗan kwangila a fayil ɗin DWG na AutoCAD, manhajar zanen injiniyoyi. Irin wannan fayil yawanci lambobi ne zalla na gabas da arewa, ba ya ɗauke da bayanin tsarin da aka auna su da shi. Lambobin sun nuna gabas wajen 592,000, arewa wajen 2,368,000. Duk wanda ya saba da aikin Makka yana gani zai ce UTM ne, tsarin da ya raba duniya shiyya-shiyya yana auna wuri da mita, shiyya ta 37 ta arewa, kuma bai yi kuskure ba, don Makka da Jidda da Madina duk suna tsakanin longitud 36 da 42. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Shiyya ta 37 ba guda ɗaya ba ce. Akwai wadda ke zaune a kan WGS 84, datum ɗin (wato tushen siffar duniya da ake auna wurare a kansa) da GPS da Google da akasarin manhajojin intanet ke aiki da shi, lambarta a EPSG, rajistar lambobin tsare-tsaren taswira, ita ce 32637. Akwai kuma wadda ke zaune a kan Ain el Abd na 1970, tsohon datum ɗin ƙasar nan Saudiyya da aka yi shekara da shekaru ana safiyo da shi, lambarta 20437. Ain el Abd ya ɗauki siffar duniya ta 1924, wadda girmanta da tsakiyarta suka ɗan saɓa da na WGS 84. A ido lambobin biyu kamarsu ɗaya. A ƙasa kuwa, a yankin Makka, tsakaninsu ya kai kusan mita 100, akasarinsa ta gabas da yamma. Idan ka ɗauki lambobin Ain el Abd ka ce wa manhaja na WGS 84 ne, ba za ta yi maka gardama ba. Za ta zana komai tsaf, layuka a miƙe, kusurwoyi daidai, amma ta tura zanen gaba ɗaya gabas da inda yake.

Mita 100 a filin Allah ba komai ba ne. A Mina kuwa wani titi ne daban. Tantuna farare ne iri ɗaya, a jere, a manne da juna, a hoton tauraron ɗan'adam ba ka bambanta wannan da wancan, shi ya sa zanen da ya goce yake zama a kan wasu tantunan kamar nasa ne. Ɗigon ƙofar mukayyam ya tsallaka ya faɗa bakin titin da ke baya. Manhajar nuna hanya kuwa titin da ya fi kusa da ɗigo take nema, sai ta kai direba can. Kun san kuma yadda hanyoyin Mina suke a waɗannan ranaku: hannu ɗaya ne, jami'ai ba sa barin bas ya tsaya, ballantana ya juyo. Aka sauke mutane a ƙofar da ba tasu ba, masu gadi suka hana su shiga, kuma suna da gaskiya. Tsofaffin mata da jakunkunansu, wasu da sanda, wata ana tura ta a keke, suka zagaya da ƙafa cikin cunkoso don su kai ga wurin da yake bayan katanga kawai. Wanda ya ga fuskokinsu a daren ba zai ƙara ɗaukar datum a matsayin zancen malamai ba.

Yaron da ya ɗora fayil ɗin ya nemi a ba shi rabin yini ya gwada zanen da ƙasa kafin a raba wa direbobi. Mudir, wato shugaban ofis, ya ce babu lokaci, zanen daga injiniyoyi ya fito, wane ne shi da zai duba aikin injiniya. Da abin ya faru, sai rahoto ya ce kuskuren mai shigar da bayanai ne, aka ƙi sabunta kwantiragin yaron. Ban yarda da wannan hukunci ba a lokacin, yanzu ma ban yarda ba. Wanda ya karɓi zane ba tare da ya tambayi datum ba, da wanda ya hana a gwada, su ne suka yi kuskuren, kuma har yau suna kan kujerunsu. Ina faɗin haka ne don ku gane dalilin da ya sa shawarata ta farko ba ta fasaha ba ce: duk lokacin da aka ce ku ɗora fayil ba tare da gwaji ba, ku nemi a rubuto muku umarnin, ko a saƙon waya ne. Ku amsa da ladabi, ku ce ranka ya daɗe zan ɗora, amma ban tabbatar da datum ba. Ku adana saƙon.

Gyaran kansa ba shi da wuya, amma a nan ne mutane da yawa ke ƙara ɓata abin. Akwai ayyuka biyu da ake rikitawa. Na farko shi ne faɗa wa manhaja tsarin da lambobin suke a kai tun asali, abin da manhajar taswira ta QGIS ke kira Assign projection, ta ArcGIS kuma Define Projection. Wannan ba ya taɓa lambobin, suna kawai yake liƙa musu. Na biyu shi ne sauya lambobin daga wani tsari zuwa wani, Reproject a QGIS, Project a ArcGIS, kuma shi ne yake yin lissafi. Rubuta riyal a kan takardar naira ba ya mayar da ita riyal, sai an je wurin ɗan canji, shi ma sai ka faɗa masa gaskiyar kuɗin da ka kawo. Don haka jerin aikin shi ne: ka fara liƙa wa zanen sunansa na gaskiya, 20437, sannan ka sauya shi zuwa 4326, wato latitud da longitud na WGS 84, don ɗorawa a intanet, ko 32637 idan awo za ka yi. Idan manhaja ta nuna maka jerin hanyoyin sauyi, ka zaɓi wadda aka rubuta ta Saudiyya ce, kada ka ɗauki ta Bahrain ko ta Kuwait don ita ta fara fitowa. Ka sani kuma wannan sauyi na gama-gari ba ya kai ka daidai da taku, yana iya barin kuskuren 'yan mitoci. Sababbin zane da suka fito a kan KSA-GRF17, tsarin da hukumar safiyo ta ƙasa ke amfani da shi yanzu, ba su da wannan matsala, bambancinsu da WGS 84 bai kai abin da zai dami direba ba. Tsofaffin zane ne ke yawo daga hannu zuwa hannu, ana kwafa ana sake musu kwanan wata.

Gwajin da aka hana yaron nan yi bai wuce wannan ba. Ka zaɓi wurare uku ko huɗu da ba sa motsi kuma ana ganinsu a zanen da kuma a hoto: kusurwar Masallacin Khaif, bakin hawan gadar Jamrat, ginshiƙin tashar jirgin Masha'ir, mahaɗar titi. A Arfa, katangar Masallacin Namira. Kada su taru a gefe ɗaya, ka warwatsa su. Idan duk sun goce zuwa fuska ɗaya da nisa ɗaya, datum ne. Idan gocewar tana ƙaruwa yayin da kake nisa daga wani wuri, ko zanen ya ɗan juya, to injiniyan ya yi aiki ne da nasa ma'aunin na cikin fili, kuma babu lambar EPSG da za ta cece ka, sai ka ɗaure zanen da hannu a kan wuraren da ka sani. Bayan haka mutum ya je da ƙafarsa ya tsaya a ƙofar mukayyam ya karanta lamba. Wayar hannu a sarari tana ba da daidaiton kimanin mita 5, wanda ya isa ya tona kuskuren mita 100. A tsakanin dogayen otal na kewayen Harami kuwa kada ku amince da ita sosai, sigina na dukan gini yana dawowa, ɗigo yana iya tsalle mita goma-goma. A hoto ma dogon gini yakan kishingiɗa gefe, saboda haka gindinsa ake bi, ba rufinsa ba. Tun da muka mayar da wannan gwaji doka a ofis, babu wata leya, wato shimfiɗar bayanai a kan taswira, da ta sake fita a goce, ko da yake ban ji an ambaci hakan a wani taro ba.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskure da ya fi shi ɓoyewa, shi ne awon faɗin fili. Taswirorin intanet kusan duk suna zana duniya da Web Mercator, 3857, kuma leyar da aka ajiye a wannan tsari haka take fitowa idan ka sauke ta. Lambobinsa mita ne, shi ya sa mutum ke zaton zai iya awo da su. Amma wannan tsari yana miƙe komai gwargwadon nisanka daga ikwaita. A latitud ɗin Makka, digiri 21 da ɗoriya, tsawo yana ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin 100, faɗin fili kuma da kusan kashi 15. Filin da yake murabba'in mita 1,000 zai fito maka wajen 1,150. Idan da wannan lamba aka raba katifu, inda ya kamata mutum 100 su kwana an rubuta 115, kuma ba za a gane ba sai mutanen sun iso. Abin awo na cikin taswirar intanet yawanci yana gyara wannan da kansa. Haɗarin yana zuwa ne idan ka sauke fayil ka lissafa a kwamfutarka, ko ka yarda da kolom ɗin faɗin fili da ya biyo fayil ɗin. Awo a 32637 ake yin sa.

Sai jerin otal da gidajen alhazai, wanda kusan kullum a Excel yake zuwa. Wannan ya fi kowane fayil cin lokaci, don hannaye da yawa ne suka taɓa shi. Abu na farko, wanne ne gaba, latitud ko longitud. Google Maps idan ka kwafi wuri latitud yake fara ba ka: Ka'aba tana 21.4225, 39.8262. A fayilolin taswira na KML da GeoJSON kuwa longitud ne a gaba. A wasu ƙasashe idan aka juya su manhaja tana ƙin karɓa, don latitud ba ya wuce 90. Mu ba mu da wannan kariya, lambobinmu biyu duk ƙasa da 90 suke, saboda haka fayil zai shiga lafiya lau, otal-otal ɗin Misfala su bayyana a ƙasar Girka. Wannan ma da sauƙi, ido na gani. Haka idan sahu ya zo babu lamba aka cike shi da sifili, ɗigon zai tafi teku kudu da Gana, kuma alamarsa ita ce taswira ta buɗe tana nuna rabin duniya.

Wanda ba a saurin gani shi ne na digiri da minti da sakan. Wani ya karanta 21°25'21" a na'ura, ya rubuta 21.2521 a Excel, yana ganin abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Minti kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri, sakan ɗaya cikin 3,600, don haka sai ka raba 25 da 60, ka raba 21 da 3,600, ka haɗa, ka sami 21.4225. Wancan rubutun ya kai ɗigon kusan kilomita 19 kudu. Idan an yi wa longitud haka, 39°49'34" ya koma 39.4934, an tafi sama da kilomita 30 yamma, wajen hanyar Jidda. Hanyar kama shi: ka duba kolom ɗin gaba ɗaya, idan lambobi biyun farko bayan ɗigo ba su taɓa kaiwa 60 ba a cikin sahu masu yawa, ka yi zargi.

Yawan lambobin bayan ɗigo ma magana ce. Biyar suna ba ka kimanin mita 1, huɗu mita 11, uku mita 111, biyu sama da kilomita 1. Excel idan zai ajiye CSV, wato fayil ɗin jadawali na rubutu zalla, abin da ke bayyane a fuska yake rubutawa, ba abin da ke ɓoye a cikin akwatin ba. Wani mai son tsafta ya rage kolom zuwa lamba biyu don ya yi kyau a takarda, ya ajiye, shi ke nan, otal talatin sun hau kan juna a ɗigo huɗu, kuma ba a dawo da abin da ya ɓace daga wannan fayil. Haka yake yi wa lambar waya: ya cinye sifilin farko na 05, lambar Najeriya mai 234 a gaba kuma ya mayar da ita 2.35E+12. Lambar mukayyam mai karan tsaye kamar 3/12 yana mayar da ita kwanan wata. Maganin duka ɗaya ne, kada a buɗe CSV da danna sau biyu. A shigo da shi ta ɓangaren Data, a ce wa waɗannan kolom-kolom rubutu ne.

'Yan'uwanmu na Nijar kwamfutocinsu na kan tsarin Faransanci, don haka fayil ɗinsu yakan zo da waƙafi a madadin ɗigo, 21,4225, kolom-kolom kuma a rabe da waƙafi mai ɗigo. Ba kuskure suka yi ba, haka tsarinsu yake, kai ne za ka faɗa wa manhaja. QGIS yana da wurin zaɓar wannan a lokacin shigarwa. Daga ofisoshin nan Saudiyya kuma wani lokaci lambobin sukan zo da alƙaluman Larabci, ٢١٫٤٢٢٥, waɗanda manhajoji da yawa ke ɗauka a matsayin rubutu, sai sahun ya faɗi shiru babu sanarwa. Shi ya sa ƙidaya ta zama dole: sahu nawa ne a fayil, ɗigo nawa suka bayyana a taswira. Idan 340 suka shiga, 331 suka fito, tara ɗin nan gidajen mutane ne, a nemo su kafin a ci gaba.

Mu da muke rubuta sunaye da Larabci da kuma Hausa muna da wata matsala ta musamman. Tsohon tsarin haruffa na Windows na Larabci, 1256, ba shi da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Na Turai, 1252, ba shi da su kuma ba shi da Larabci. UTF-8 ne ke ɗaukar duka biyun a fayil ɗaya. A Excel sai an zaɓi CSV UTF-8 da gangan, CSV na yau da kullum yana mayar da haruffan da bai sani ba alamar tambaya, kuma idan sun zama alamar tambaya sun tafi ke nan. Idan kuwa ka ga sunayen Larabci sun koma tarkacen Ø da Ù, kada ka firgita, kada kuma ka ajiye: fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, karanta shi aka yi da tsarin da ba nasa ba, ka rufe ka sake buɗewa a UTF-8.

Shapefile, wani tsohon nau'in fayil ɗin taswira, na daɗe ina roƙon a rage dogaro da shi, amma hukumomi da 'yan kwangila shi suka sani, don haka ku san halinsa. Ba fayil ɗaya ba ne. Dole sai da shp da shx da dbf, sannan prj mai faɗin datum da cpg mai faɗin tsarin haruffa. Mutum zai turo maka shp kaɗai ta WhatsApp ya ce ya aiko taswira. A ArcGIS Online sai an dunƙule su duka a zip ɗaya, kuma wanda prj ɗinsa ya ɓace a mayar wa mai shi da tambaya, kada a yi masa hasashe. Sunan kolom ba ya wuce bayit 10, harafin Larabci kuwa bayit biyu yake ci, wato haruffa biyar kacal, sai sunaye biyu masu farko iri ɗaya su gutsure su rikice. Ku sa wa kolom gajeren suna da haruffan boko marasa lanƙwasa, Larabcin ya zauna a cikin bayanan. Akwatin rubutu ba ya wuce bayit 254, kwatancen hanya da Larabci yana yankewa a wajen haruffa 127. Yana riƙe kwanan wata amma ba ya riƙe sa'a. Fayil ɗaya kuma nau'i ɗaya yake ɗauka, ko ɗigo ko layi ko fili. A tsakaninmu cikin ofis GeoPackage ya fi, fayil guda ne, yana ɗaukar leya da yawa da datum ɗinsu, ba ya gutsure suna.

Google My Maps shi direbobi da jagororin alhazai suka fi so, don yana buɗewa a kowace waya. Yana karɓar CSV da XLSX da KML da KMZ da GPX, ba ya karɓar shapefile, sai an juya. Leya goma ce iyakar taswira ɗaya, sahu 2,000 a kowace leya, KML kuma kada ya wuce megabayit 5 idan an warware shi. Zanen da ya fito daga AutoCAD yakan haura haka saboda tarin ɗigogi a kan kowace lanƙwasa, sai an sauƙaƙa layukan da kimanin rabin mita, a kuma zubar da leyar bututu da wayoyin lantarki da direba ba ya buƙata. Wajen fitarwa akwai wani akwati da ke cewa a bar fayil ɗin yana sabunta kansa ta hanyar mahaɗi. Idan ka zaɓe shi, fayil ɗin da ka sauke babu komai a cikinsa sai adireshin intanet. A ofis zai buɗe da kyau. A Muzdalifa da dare, lokacin da kowa ke kan layi ɗaya kuma sabis ya yi nauyi, fanko zai nuna. Wanda za a raba wa mutanen fili ya zama cikakke, a gwada shi da wayar da aka kashe wa data.

Fitarwa kullum tana zubar da wani abu a hanya. Launi da alama ba sa bin shapefile ko CSV ko GeoJSON. Kolom ɗin da kake zaɓar suna daga jeri yakan fito da lambobin da ke ƙarƙashinsa, 1 da 2 da 3, babu wanda ya san wanne ne maza wanne ne mata. Hotunan da aka liƙa wa ɗigo ba sa fitowa a CSV, a ArcGIS Online sai an fitar a File Geodatabase. GPX bai san fili mai iyaka ba, ɗigo da hanya kawai ya sani, don haka iyakar mukayyam tana komawa layi ko ta ɓace. KML da wasu manhajoji ke fitarwa yakan cusa duk bayanan cikin akwatin kwatance ɗaya, su yi kyau a ido amma ba a iya tace su.

Lokaci kuma a kula da shi. Manhajojin intanet da na'urorin GPS da agogon UTC, wato agogon duniya na Greenwich, suke ajiya, mu kuwa muna gaba da shi da sa'a uku. Bas ɗin da aka rubuta zai tashi ƙarfe 1 na daren 8 ga wata yana iya fitowa a CSV da ƙarfe 10 na daren 7. Kwanan watan Hijira a ajiye shi a kolom ɗin rubutu, a sa na Miladiyya a gefensa, don manhaja ba ta san 30 ga Safar ba, za ta ɗauka 30 ga Fabrairu ne ta share.

Kada a dogara da sunan otal wajen nemo wurinsa, sunaye na maimaituwa kuma ana sauya su tsakanin mausim da mausim, a nemi adireshin ƙasa na ginin ko a aika mutum. Kada a gyara fayil na asali, a kwafa, a sa kwanan wata a sunan kwafin. Idan za a maye gurbin leyar da ke kan intanet, sunayen kolom su zama yadda suke, in ba haka ba duk taswirar da ke jingine da ita za ta karye. Lambar fasfo da lambar wayar mahajjaci ba su da aiki a taswirar da ake rabawa ta mahaɗi, a cire kolom ɗin gaba ɗaya kafin ɗorawa, ɓoye shi bai isa ba, don yana bin fayil idan an sauke. Dokar kare bayanan mutane ta ƙasar nan ta fara aiki tun 2023, kuma kun riga kun san wanda za a nuna da yatsa idan abu ya fita.

A cikin kowace jaka a kwamfutar ofis na bar ƙaramin fayil na rubutu mai ɗauke da wanda ya aiko da zanen, ranar da ya zo, datum ɗin da ya zo da shi da wanda ya tabbatar da hakan, sauyin da aka yi masa, wuraren da aka gwada shi da su da nisan da aka samu, da sunan wanda ya ba da izinin rabawa. Layin ƙarshen nan kada ku bar shi fanko, kada kuma ku sa sunanku a wurin idan ba ku ne kuka ba da izinin ba. Zanen Arfa na bana ya riga ya iso, DWG ne, kuma babu takardar datum a tare da shi. Na rubuta wa ɗan kwangilar, bai amsa ba tukuna. Kada a ɗora shi sai ya amsa a rubuce, ko wani ya je ya tsaya a kusurwar Namira da na'ura.